Kai Yara Wurin Wasa: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu Kuwa?

Maganarmu ta yau ta kuɗi ce kuma ta yara, abubuwa biyun da in suka haɗu sai kan uwa ya ɗau zafi. A kwashi yara daga Daddara, a shiga mota a kai su Katsina wurin wasa, a biya ƙofa, a biya lilo, a dawo da yamma aljihu wayam. Kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Na ɗauki Daddara ne don ta zame mana ma'auni. Garin yana kan hanyar Katsina zuwa Jibia, birni na kusa amma sai an hau mota, bodar Nijar ma ga ta nan ba nisa. Duk uwar da ke zaune a garin da sai an biya kuɗin mota kafin ɗanta ya ga lilo mai inji, lissafinta da na matar Daddara ɗaya ne, ko a Kaita take, ko Batsari, ko Ɗan Isa can tsallaken iyaka.

Amsata a taƙaice ita ce tana biya. Sai dai ba ga kowane yaro ba, ba a kowace rana ba, kuma ba da kuɗin bashi ba.

Bari mu fara da inda yawancinmu muke tafka asara. In yaro ya ce “Umma, a kai mu Maryam Park,” abin da uwa take fara tambaya shi ne nawa ne kuɗin shiga. To kuɗin shiga shi ne ƙaramin abu a duk tafiyar. Babban mai cin kuɗi yana tsaye a bakin titi tun kafin ki bar gari, wato mota. Daga Jibia zuwa Katsina tafiyar ba ta kai kilomita 50 ba, daga Daddara kuwa ta fi haka kusa, amma direba ba kilomita yake ƙirgawa ba, kawuna yake ƙirgawa da litar mai. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000. Mutanen wannan yanki ma sun riga kowa ɗanɗana tsadar, domin tun Nuwamban 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, ’yan bumburutu suka zama su ne gidan mai. Ki ɗora ’ya’ya biyu a cinya don a rage kujera, duk da haka za ki biya zuwa ki biya dawowa. In kin sauka a Katsina kuma ga mai kurkura yana jira, shi ma zuwa da dawowa, kuma ranar sallah ba ya sauraren “a rage mana”.

Sai a zo ƙofa a biya, a shiga. Nan ne wasan yake farawa, na yara da na aljihunki. A irin waɗannan wurare tikitin ƙofa sau da yawa na shiga ne kawai, kowane abin hawa da kuɗinsa daban. Mu ƙaddara, don misali kawai, kowane hawa naira 500 ne, kin zo da yara biyar. In kowa ya hau abu huɗu, naira 10,000 ta tafi, alhali hawa ɗaya mintoci kaɗan ne. Ba a yi maganar askirim ba, ba a yi ta lemo da ruwan leda ba, ba a yi ta mai balan-balan da ya san daidai inda zai tsaya don auta ta gan shi ba, balle mai hoto. Ki ɗora wannan a kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, ki ga kason da wuni guda ya cinye. Ga shi yawancin mazajenmu a nan ba ma albashi suke ɗauka ba.

Ba zagin masu wuraren nake yi ba. In kin san yadda kasuwarsu take, kin fi iya shiga ki fito da mutuncinki. Injinan nan wuta suke sha, wutar kuwa ta janareta ce mai shan gas. Ga ma’aikata, ga gyara, ga haraji. Ciniki mai kauri kuma bai wuce na kwanakin ƙaramar sallah da na babba ba, sai ɗan abin da hutun makaranta da ranakun Asabar da Lahadi suka kawo. Abin da za su ci a watanni, a mako biyun nan suke son haɗa shi. Kina tuna labarin goggon birin gidan zu na Kano? A watan Yunin 2019, bayan ƙaramar sallah, kuɗi kusan naira miliyan 6.8 suka ɓace daga gidan, aka baza cewa goggon biri ne ya haɗiye su, har Gwamna Ganduje ya fito ya ce ai babu ma goggon biri a gidan. Duniya ta sha dariya. Ni abin da ya tsaya min a labarin shi ne yawan kuɗin: daga hannun iyaye irinki suka fito, naira-naira, a ’yan kwanakin sallah, a lokacin da naira take da sauran ƙarfinta.

Dabarar rage kuɗin ƙofa a ci riba a ciki kuma ba a nan aka ƙirƙiro ta ba. Lokacin da aka buɗe Disneyland a Amurka cikin 1955, dala ɗaya babba yake biya ya shiga, sannan ya sayi tikitin abin hawa daban. Sai a farkon shekarun 1980 suka koma tikiti guda da ya haɗa komai, wanda yau ya haura dala 100 ga mutum ɗaya a rana ɗaya. Can ma iyaye kuka suke yi da shi. Don haka in kin ga bidiyon waɗannan wurare a TikTok, ko na Magic Land da ke Abuja, kada ki ɗauka masu dariyar cikinsa ba su yi lissafi ba kafin su fito.

Akwai kuma maganar lokacin da kuɗin suke fita, wadda a garin boda ta fi ta yawansu nauyi. Arzikin Jibia da Magama da Daddara yana numfashi ne da hanyar nan. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibia ba sai Afrilun 2022. Aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake rufewa, sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk matar direba ko ɗan dako ko mai shago a kasuwar Lahadi ta Jibia ta san abin da waɗannan watanni suka yi wa tukunyarta. Gidan da abincinsa yake rataye da ƙofar da wani zai iya rufewa da sanarwa ɗaya a rediyo, bai kamata ya taɓa ajiyarsa don wuni guda ba. Ƙari a kan haka, a ’yan shekarun nan babbar sallah tana faɗowa ne a bakin damina, daidai lokacin da maigida yake neman kuɗin taki da iri da na ’yan ƙwadago. Kuɗin lilon watan Yuni da na buhun taki daga aljihu ɗaya suke fitowa. In dole sai an zaɓa, taki za a saya, kuma ba sai kin ji kunyar faɗa wa yaran haka ba.

To in haka ne, me ya sa na ce tana biya?

Ki tuna yadda aka yi renonki. Da farin wata ana fita dandali, ’yan mata na gaɗa, maza na langa, ana ’yar ɓuya har sai an aiko ƙani ya ce ana kira. Da azumi ga tashe gida-gida. Ba a biya ko sisi, gari ne gaba ɗaya wurin wasan. Yau a ƙauyukan Jibia da Batsari da Safana wace uwa ce za ta bar ɗanta a waje bayan isha’i hankalinta kwance? Shekarun ’yan bindiga sun ci mana shanu da gonaki da rayuka, sun kuma ci wani abin da ba a sa shi a lissafin asara: sun rufe dandali. Akwai yaran da suka tashi suka fi sanin ƙarar bindiga a kan kiɗan kalangu, akwai waɗanda suka taɓa gudu da dare riƙe da zanen uwarsu. Irin wannan yaro, wunin da zai yi a wuri mai katanga yana ihu don daɗi, gabansa na faɗuwa don lilo ya yi sama ba don wani abu ba, ni ban ɗauke shi almubazzaranci ba. Kuɗi ne aka biya don a ara masa abin da ke kika samu kyauta.

Musamman ’ya mace. Namiji ko ba a kai shi ko’ina ba zai kai kansa, zai buga ƙwallo a fili, zai bi abokai kasuwa. Ita kuwa daga makarantar boko sai Islamiyya sai wanke-wanke sai goyon ƙani, wata ma da farantin talla a kai. Shekarun da za ta iya hawa dokin ƙarfe tana ƙyalƙyala dariya ba tare da wani ya ce “ke ba ki girma ba?” ba su da yawa. In kuɗin bai isa kowa ba, ni da ita zan fara.

Wannan ya kawo mu ga shekaru, inda kuɗi da yawa ke zubewa a banza. Ɗan shekara biyu ko uku bai san an kai shi ko’ina ba. Zai tsorata da ƙarar inji, zai yi kuka, zai yi barci a bayanki, gobe ya manta. Ki bar shi wurin kakarsa da alewa, shi ya huta ke ma kin huta. Wanda ya kai sha huɗu kuwa ba lilon ne ya kawo shi ba, kallon mutane ya zo yi da ɗaukar hoto, kuma ya fi son a ba shi kuɗin a hannu. Masu cin moriyar tafiyar su ne na tsakani, daga kamar shekara biyar zuwa sha biyu. Su ne za su ƙirga kwanaki kafin a tafi, su yi wata guda suna ba da labari bayan an dawo, su ɗaure igiya a bishiyar darbejiya su ce ga nasu injin. Daɗin nasu ya fara tun kafin a biya, bai ƙare ba bayan an fito.

Ki kuma tambayi zuciyarki tsakani da Allah don wa za a yi tafiyar. Wayar nan da kike karanta ni a kai ita ce ta fi yaran matsa miki lamba. Kin buɗe WhatsApp kin ga ƙawarki ta ɗora ’ya’yanta cikin anko suna lasar askirim, sai ki ji kamar kin gaza. Ba ki ga faɗan da aka yi a mota ba, ba ki ga bashin mai shago ba. In hoton ne babban abin da kike so, akwai hanyoyin samunsa da suka fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Gidan da ke da mace fiye da ɗaya kuwa, a yi hattara sosai. Ranar da kika fita da naki su kaɗai, na abokiyar zamanki suna leƙe ta ƙofar ɗaki, kin sayi lilo na awa uku kin kuma sayi ɓacin rai na shekara. Yara ba sa manta wanda aka bari a gida. Ko dai maigida ya ɗauki nauyin kowa, ko ku haɗa ku biyun, ko a raba yaran bisa shekaru ba bisa ɗaki ba: bana manya na ɗakunan biyu, baɗi masu bi musu. Haka marayan da ke hannunki, da ’yar riƙo da ke taya ki aiki. In za a kai ta don ta riƙe jaka da jariri tana kallon sauran suna hawa, gara a bar ta a gida.

In kin yanke shawarar zuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko, ki bar wa mutanen birni ranar sallah da washegarinta. Ranakun nan layi ya fi wasa tsawo, mota ta fi tsada, ’yan sane suna bakin aiki, kuma a nan ne yara suke ɓata. Ki jira sai hayaniya ta lafa, ko ki zaɓi wata Asabar cikin hutun makaranta. Ki tambayi wata ’yar’uwa da ke cikin Katsina ta binciko miki farashin makon da kuma ko injinan suna aiki, kada ki dogara da labarin bara. Ku haɗu gida uku ko huɗu ku ɗauki shatar mota ɗaya wurin direban da kuka sani, wanda zai jira ya dawo da ku. Wasu matan ma ƙaramin adashe suke yi don haka tun watanni kafin lokacin, kuma dabara ce mai kyau, domin kuɗin da aka tara da sunan abu ba ya ciwo in an kashe shi a kansa. Goron sallar da yaran suka samo shi ma ya shiga ciki. Yaron da ya san kuɗin asusunsa ne yake biyan hawan ya fi iya zaɓe, ya fi kuma haƙuri.

Ki faɗa musu adadin tun a gida: kowa hawa uku, askirim ɗaya, shi ke nan. Maganar da aka yi a tsakar gida doka ce, wadda aka fara a gaban mai tikiti kuwa ciniki ne, kuma yaro mai hawaye ya fi ki iya ciniki. Ki dafa abincinki, shinkafa da wake ko dambu, ki cika gora da zoɓo ko kunun aya mai sanyi. In wurin ba sa barin a shiga da abinci, ku ci ku ƙoshi kafin ku shiga. Ruwa kuma kada ki yi masa rowa, domin ƙaramar sallah yanzu cikin bazara take zuwa, lokacin da zafin Katsina yake haura digiri 40, ƙarfen abin zamiya ma yana iya ƙona cinyar yaro da tsakar rana.

Kafin ki ɗora ɗanki a kan kowane inji, ki tsaya ki kalli zagaye ɗaya da idonki. Akwai bel ko ƙarfen da ke tare yaro? Mai kula da injin yana wurin, ko hankalinsa na kan waya? Ana cusa yara fiye da kujerun? Akwai wayar wuta a ƙasa? In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki wuce, ko da an riga an yanki tikiti. Ki ɗaure wa ’yan mata hijabi da gyale ciki sosai, kada wani gefe ya riƙa lilo kusa da abin da ke juyawa. Ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihun kowane ƙarami, ki nuna musu wuri guda da za a tsaya in an rabu. Sannan ki kama hanya rana na sama. Kin san hanyarmu da shingayen jami’an tsaro, tafiyar rabin awa tana iya zama ta awa guda da wani abu, kuma babu hawan ƙarshe da ya kai a yi magariba a kan titin Jibia da mota cike da yara.

Wata za ta ce ai akwai wuraren da ba a biya. Akwai. Hawan sallar Sarkin Katsina, a shekarar da aka yi shi, kallo ne da babu injin da ya kama ƙafarsa, dawaki da lifidi da ’yan bindigar gargajiya a gaban gidan Korau. Ga hasumiyar Gobarau da ta shekara ɗaruruwa a tsaye, ga ginin tsohuwar Kwalejin Katsina inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ga rijiyar Kusugu a Daura. Mai dangi a Maraɗi, in hanya ta yi kyau, tana iya haɗa zumunci da kai yara su ga tafkin Madarumfa, sai dai ta tuna a can sefa ake kashewa, naira kuma ba ta da bakin magana a gabanta kamar da. Duk waɗannan suna da kyau, amma kada mu yaudari kanmu, ɗan shekara takwas da ya ƙwallafa rai a kan motar karo ba za ki biya shi da hasumiya ba. Abin da ya fi shi ne a haɗa, tunda an riga an biya mota: da safe a ga Gobarau, a yi azahar, a ƙarasa wurin wasa. Bakin dam kuwa, na Jibia ko wani, ba wurin sakin yara ba ne, duk arharsa.

Kano fa? Gidan zu na Audu Baƙo, wanda aka kafa tun farkon shekarun 1970, ya cancanci yaro ya gan shi ko sau ɗaya ne. Amma daga Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne, ba tafiyar je-ka-ka-dawo ba ce da ƙananan yara. Ki bari sai wata hidima ta kai ku, biki ko suna, inda akwai masauki, sai a ƙara kwana ɗaya dominsa.

Saura maigida. Kada ki tare shi da maganar ana gobe sallah, ya gama biyan tela bai gama da mai rago ba. Ki bari ya huta, ki zo masa da lissafi a rubuce: “Baban Abba, ga kuɗin mota, ga na ƙofa, ga na hawa. Ga abin da ni da yara muka tara, ga abin da ya rage.” Namiji ya fi saurin cike giɓi a kan ɗaukar kaya daga ƙasa. In ya samu hali ya bi ku, ya fi, ko don idanu biyu sun fi ɗaya a cikin cunkoso. Yara da yawa ba su taɓa ganin babansu yana dariya a wajen gida ba.

Ke da kika kai naki a bana, ki rubuta mana a ƙasa: daga wane gari kika tashi, yara nawa, nawa tafiyar ta ci tun daga mota har dawowa, kuma wane abin hawa ne kika ga bai kamata a ɗora ƙaramin yaro a kai ba. Akwai uwar da take jiran wannan lissafin kafin ta fasa asusunta.